Daga Kantar Tikiti Zuwa Kujerar Manaja: Yadda Ɗan Zango Zai Hau Matakan Aikin Kamfanin Jirgin Sama

Yaron Nima ko Mamobi ba sai an ba shi labarin jirgin sama ba. Yana zaune a bakin masallaci bayan la'asar zai ji rugugin injin, ya ɗaga kai ya ga cikin jirgin da ƙafafunsa a waje, ya nufi filin jirgin saman Accra. Haka ɗan Aboabo da Asawase a Kumasi, filin Prempeh na Ɗaya, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2024, maƙwabcinsu ne. Amma in ka tara samari goma ka tambaye su wane aiki ake yi a kamfanin jirgi, tuƙi za su ce maka, sai rabon abinci a sama. Akwai wani ɓangare da ba a hango shi daga titi: masu sayar da kujera, masu yanka farashi, masu zaɓar garin da jirgi zai je da ranar da zai tashi. A kan wannan ɓangaren za mu yi magana, domin ƙofarsa ta fi kusa da ɗan talaka, kuma hanyarsa tana kai wa har kujerar shugaba.

Hujjarmu wani ɗan Italiya ne, Fabio Lazzerini. Ba ta ɗakin matuƙa ya hau ba. Ya shugabanci reshen Italiya na Amadeus, kamfanin da manhajarsa ce ofisoshin tafiye-tafiye ke amfani da ita wajen kama kujera. Daga nan ya riƙe harkokin Emirates a Italiya. A 2017 ya shiga Alitalia, babban kamfanin jirgin saman Italiya na lokacin, ya kama ɓangaren kasuwanci, lokacin kamfanin yana hannun masu kula da shi da gwamnati ta naɗa saboda bashi. A 2020 aka ba shi shugabancin sabon kamfanin gwamnati da ya zama ITA Airways, wanda ya fara tashi ran 15 ga Oktoba 2021, kwana ɗaya bayan tashin Alitalia na ƙarshe. Ya bar kujerar a Yulin 2023. Dubi jerin da kyau, ɗan'uwa: manhajar tikiti, kasuwar ƙasa guda, kasuwancin kamfani gaba ɗaya, sannan shugabanci. Kowane mataki a kan na ƙasa da shi yake zaune. Wannan jerin za mu bi, amma a nan Accra da Kumasi. Kuma labarin bai yi mana nisa ba, a Yunin 2024 ITA ta buɗe hanya daga Roma zuwa Accra.

Matakin farko: manhajar kama kujera

Kafin komai, ka tabbata lissafi da Turanci sun fita da kyau a sakamakon WASSCE ɗinka, jarrabawar kammala sakandare. Digiri zai yi amfani nan gaba, kuma kowane fanni na kasuwanci, tattalin arziki, akanta ko lissafi zai wadatar. Amma abin da zai sa a ba ka kujera a ofis tun yau shi ne iya ɗaya daga manhajoji uku: Amadeus, Sabre ko Galileo. Ka zagaya ofisoshin tikiti biyar a unguwarka ka tambayi wacce suke amfani da ita, sannan ka koyi wadda ta fi yawa. Kwas ɗin farko na IATA a kan tafiye-tafiye, ƙungiyar kamfanonin jiragen duniya ke nan, ana yinsa ta intanet ko a cibiyar da ƙungiyar ta amince da ita. Kada ka biya ko sidi ɗaya sai ka ga sunan makarantar a shafin IATA da idonka. Masu buga tambarin ƙungiyar a allon ƙofa ba tare da izini ba suna nan.

Kowace rijistar fasinja, wadda 'yan aikin ke kira PNR, tana tsaye ne a kan abubuwa biyar: suna, hanyar tafiya, lambar waya, wa'adin yankan tikiti, da sunan wanda ya ba da umarni. In ɗaya ya ɓace manhajar ba za ta rufe rijistar ba. A Amadeus, AN15MARACCFCO zai nuna maka jiragen Accra zuwa Roma na 15 ga Maris. SS1Y1 ya kama kujera ɗaya a ajin Y na layin farko. NM na suna ne, AP na waya, TK na wa'adi, RF na mai umarni, ER ya ajiye komai ya ba ka lamba mai haruffa shida. FXP ya fitar da farashi, TTP ya yanka tikiti. Tikitin lambobi 13 gare shi, ukun farko na kamfanin ne; 055 na ITA ne, kuma ita ce lambar da Alitalia ke ɗauke da ita a da. Ka haddace lambobin garuruwanmu kamar yadda ka haddace lambar wayarka: ACC, KMS na Kumasi, TML na Tamale, KAN na Kano, JED na Jidda, MED na Madina.

A nan ne sabon ma'aikaci ke yin asararsa ta farko, kuma yawanci a kan suna ne. Mutanenmu mutum ɗaya yana da Mohammed a fasfo, Muhammad a takardar makaranta, Mahama a katin zaɓe. Alhaji zai kira ka a waya ya ce, "Yarona, yanka mini kawai, ai ka san sunana." Ka ce masa, "Baba, a yi haƙuri a turo mini hoton shafin fasfo tukuna." Ka kwafa harafi bayan harafi, ka tura masa ya duba, sannan ka yanka. Dalili kuwa shi ne tikitin da aka yanka yau ana iya soke shi yau ba tare da asara ba, amma da dare ya raba ya shiga lissafin ranar, gyara sai da kuɗi, wani kamfanin ma sai dai a sayi sabo.

Na biyu shi ne biza ta ratse. Mai fasfon Ghana ko na Najeriya yana buƙatar bizar ratse ko da sauya jirgi kawai zai yi a filin wata ƙasar Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, Roma ce ko Faris ko Amsterdam, sai in yana riƙe da wasu takardu da ke ɗauke masa ita, kamar ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada. Ba a yin wannan da ka. Akwai Timatic, kundin ƙa'idojin biza da fasfo da ma'aikatan kanta ke dubawa, kai ma ka duba shi a kan kowane fasinja kafin ka karɓi kuɗinsa. Wanda aka juyo da shi daga filin jirgi ofishinka zai sauke fushinsa, kuma da gaskiyarsa.

Na uku ita ce takardar tara da kamfanin jirgi ke aiko wa ofis, ADM. Tana zuwa ne in ka yi ta kama kujera kana saki don tsawaita wa'adi, ko ka riƙe wa mutum ɗaya kujeru biyu a rana ɗaya, ko ka sa sunan ƙarya ka tare wuri, ko ka manta wani haraji. Kuɗin yana bi ta BSP, tsarin da IATA ke tattara kuɗin tikiti daga ofisoshi ta raba wa kamfanoni, don haka ba gudu ba ja da baya. Maganinta karanta ƙa'idar kowane farashi kafin sayarwa, musamman sashe na 16, inda aka rubuta tarar canji da ta fasa tafiya. Shekara biyu a ofishin da ke da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta Ghana, wanda kuma yake yankan tikiti da kansa, ta fi shekara biyar a shagon da ke tura ciniki wani wuri yana karɓar kamasho.

Mataki na biyu: ka taka ƙasan filin jirgi

Wannan ba sai mun daɗe a kansa ba, amma kada ka tsallake shi. Nemi bautar ƙasarka ko aikin shekara ɗaya zuwa biyu a filin jirgi, ko a kamfanin jirgi irin Africa World Airlines da PassionAir, ko a kamfanonin da ke hidimar jirage a ƙasa. Ka san bambancin hukumomi biyu: GCAA ita ce mai doka da lasisi da sa ido, Ghana Airports Company kuma ita ke gudanar da filayen. A kanta za ka koyi cewa jaka ɗaya kilo 23 ce a yawancin tikiti, kuma ko an biya kuɗin ƙari ba a karɓar jaka guda da ta haura kilo 32, saboda bayan masu ɗauka. Za ka koyi cewa batirin cajin waya ba ya shiga jakar da za ta ƙasan jirgi, a hannu ake riƙe shi, domin in ya kama wuta a can ba mai ganinsa. Takardar horon kaya masu haɗari duk wata 24 ake sabunta ta; ranar da ta ƙare, ranar za a ɗaga ka daga kanta.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne ka ga yadda jinkiri ke haihuwa. Ranar da hazon hunturu ya rufe Kumasi ko Tamale a Disamba, jirgin safe bai sauka ba. Jirgin nan kuwa shi ne zai yi sahu na biyu da na uku da na huɗu, sai jinkirin awa ɗaya da hantsi ya zama na awa huɗu da magariba, matuƙa kuma awanninsu na aiki da doka ta ƙayyade sun cika. Manajan da bai taɓa tsayawa gaban fasinjoji hamsin masu fushi ba yakan tsara jadawali a takarda ba tare da barin sarari ko na minti ashirin ba.

Mataki na uku: lissafin kujera, inda ake rabuwa

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma mafi yawan masu hazaƙa ke tsayawa don tsoron lamba. Mai tumatir a kasuwar Kejetia ta Kumasi ta san kayanta na lalacewa, amma ita tana da gobe, za ta karya farashi ko ta niƙa. Kujerar jirgi ba ta da gobe. Da an rufe ƙofa, kujerar da ba kowa ta tafi ke nan har abada, kuma an riga an biya kuɗin mai da haya a kanta.

Ga misali, lambobin kuɗin na koyo ne kawai. Jirgi mai kujeru 50, kamar ƙaramin Embraer da ke zirga-zirgar cikin gida, zai tashi daga Accra zuwa Kumasi, mu ce kilomita 200. Ninka kujeru da nisa, ka sami 10,000. Wannan shi ne abin da kamfani ya kawo kasuwa, ana kiransa ASK. Fasinja 38 suka hau; ninka su da 200, ka sami 7,600, abin da aka sayar ke nan, RPK. Raba na biyu da na farko, cikar jirgi ta zama kashi 76 cikin ɗari. Yanzu mu ce sahun ya ci sidi 30,000 tsakanin mai, haya, albashi, gyara da kuɗin sauka. Kowace kujera a kowace kilomita ta tsaya wa kamfani sidi 3, wato CASK. In abin da ke shiga aljihun kamfani daga kowane fasinja, bayan cire haraji, sidi 900 ne, sai mutum 34 sun hau kafin a mai da uwar kuɗi. Da 38 an sami sidi 34,200, ribar 4,200.

To, sai wani ya ce a karya farashi zuwa 700 jirgi ya cika. Yi lissafin. Yanzu sai mutum 43 kafin a mai da kuɗi, kashi 86 cikin ɗari. In 42 suka hau, jirgi ya fi jiya cika, kowa na murna a bakin ƙofa, kamfani kuwa ya tashi da asarar sidi 600. Cikar jirgi ita kaɗai ba ta nuna komai sai an haɗa ta da abin da kowane fasinja ya biya. Wanda ya gane wannan har cikin ƙashinsa ya riga ya wuce rabin abokan aikinsa.

Shi ya sa ake raba kujerun aji ɗaya gida-gida da haruffa. Kujera iri ɗaya, abinci iri ɗaya, amma wanda ya saya da wata biyu a gaba ya biya kaɗan da sharaɗin ba canji, ɗan kasuwar da ya saya jiya da dare ya biya ninki. Aikin mai kula da kuɗin shiga shi ne ya san kujera nawa zai hana mai arha don jiran mai tsada. In ya riƙe da yawa jirgi ya tashi da gurabe. In ya saki da wuri, mai kuɗi ya zo ya tarar an cika da masu arha. Yana kuma sayar da tikiti fiye da kujeru da ɗan kaɗan, don ya san wasu ba za su zo ba. Amma wannan wuƙa ce mai baki biyu: a ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, fasinjan da aka hana hawa a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, kamar Roma zuwa Accra, diyyarsa yuro 600 ce.

A nan ɗan Zango yana da abin da baƙo ba shi da shi. Ka san watan azumi, musamman goman ƙarshe, kujerun Jidda da Madina zinariya ne, kuma ka san kalandar tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, abin da manhajar da ke kwatanta bana da bara ta kalandar Bature kan kuskure. Ka san lokacin da 'yan kasuwar Dubai da Guwanzu ke tafiya, ka san ba rahusar tikiti ce ke jan su ba, yawan kilo ne. Ka san Disamba ta masu dawowa gida ce daga Landan da Amurka da Italiya. Ka rubuta wannan sanin a tebur na Excel, mako-mako, da lambobi. Sanin da ke baki hira ne, wanda ke tebur shi ake kai wa gaban manaja. Ka kuma riƙe harsunanka da daraja: Hausa, Twi, Larabcin makaranta, ka ƙara Faransanci, domin Lome da Abidjan da Wagadugu duk da shi ake ciniki.

Mataki na huɗu: riƙe ƙasa guda

Bayan shekaru a sayarwa ko a farashi, abin nema shi ne manajan tallace-tallace, sannan wakilin kamfani a ƙasa. Kamfanonin waje da yawa ba sa buɗe ofishi na kansu, sukan ba wani kamfanin gida wakilci, kuma ta nan ƙofa ta fi saurin buɗewa. Aikin ya ƙunshi kwantiragi da manyan ofisoshin tikiti, da bankuna da kamfanonin haƙar ma'adinai masu tura ma'aikata, da zama da hukuma kan izinin sauka. Abu ɗaya zai hana ka barci: da sidi kake sayarwa, amma mai da haya da kayan gyara da dala ake biya. Sidi ta faɗi tsakanin ranar sayarwa da ranar tura kuɗi, ribarka ta narke ba tare da ka yi kuskure ko ɗaya ba. Ka tura kuɗi a kan kari, ka duba farashin canjin da manhaja ke amfani da shi kullum. Maƙwabtanmu sun ga ƙarshen wannan matsala a 2022, lokacin da Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗinta da suka maƙale.

Abin da ke kayar da na sama

Tarihin Alitalia makaranta ce kyauta ga mai son shugabanci. Tun daga 2009, da 'yan kasuwar Italiya suka karɓe shi, an yi ta kawo gogaggun manajoji daga wasu sana'o'i: Rocco Sabelli daga Piaggio mai babura, Andrea Ragnetti daga Philips, Gabriele Del Torchio daga Ducati. A 2014 Etihad ta sayi kashi 49 cikin ɗari. Duk da haka a Afrilun 2017 ma'aikata suka ƙi shirin rage albashi da ma'aikata a ƙuri'ar da suka kaɗa, a watan Mayu kamfanin ya koma hannun masu kula, gwamnati ta ba shi rancen yuro miliyan 900 wanda daga baya Tarayyar Turai ta ce ya saɓa doka. Mutanen nan ba ragwaye ba ne. Ciwon a ginin kasuwar yake. Shekaru kamfanin ya yi yana raba ƙarfinsa tsakanin filin Fiumicino na Roma da Malpensa na Milan, alhali kamfani mai matsakaicin girma cibiya ɗaya yake iya ciyarwa. Gajerun hanyoyi Ryanair da easyJet sun cinye su da arha. Hanyar Roma zuwa Milan, wadda a da ita ce saniyar tatsa, jirgin ƙasa mai gudu ya mai da ita tafiyar kimanin awa uku daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Dogayen hanyoyi kuwa, inda riba take, jiragensa na can ba su da yawa.

Da ITA ta zo sai ta fara da jirage 52 da ma'aikata kusan 2,800, inda Alitalia ke da sama da 10,000, ta sayi sunan Alitalia a kan yuro miliyan 90 amma ba ta tashi da shi ba. Ko a nan rigima ba ta ƙare ba. Shugaban hukumar gudanarwa, Alfredo Altavilla, wanda ya zo daga Fiat, an karɓe ikonsa na zartarwa a Oktoban 2022 ana tsakiyar cinikin sayar da kamfanin, ya sauka a Nuwamba. Sai a Janairun 2025 Lufthansa ta kammala sayen kashi 41 cikin ɗari a kan yuro miliyan 325.

Mu ma muna da namu. Ghana Airways da aka kafa a 1958 ta durƙushe a 2004 da bashi a wuya, Ghana International Airlines da ta gaje ta ba ta wuce 2010 ba. Antrak Air ta Alhaji Asoma Banda ta daina tashi a 2015, Starbow ta bi a 2017. Ranar da aka yi maka tayin babbar kujera, a kamfanin gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, kafin ka ce ka karɓa ka nemi a nuna maka abu huɗu a rubuce. Kuɗin da ke asusu kwana nawa zai riƙe kamfani in ciniki ya tsaya. Ribar kowace hanya ita kaɗai, don hanya ɗaya mai kyau takan rufa wa biyar marasa kyau asiri. Ranakun da kowane jirgi zai shiga babban gyara da ranar ƙarewar hayarsa, domin jirage biyu su shiga gareji a wata ɗaya ya isa ya rushe jadawalin ƙaramin kamfani. Na huɗu, wane ne ke da ikon rufe hanyar da ba ta biya, kai ne, ko hukumar gudanarwa, ko minista. Ka sa a rubuta amsar wannan a cikin kwantiraginka, da sharuɗɗan sallama, ka kai wa lauya ya karanta kafin ka sa hannu.